Takardar da ke Cikin Jitar Tata Nabor

Paracho, 8 ga Janairu

'Yata Yunuén,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mamarki da babanki Cirilo. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Raɓa kan daskare a kan rufin shagonmu na ƙera jita da safe, gwiwata ta hagu kuma tana faɗa mini tun ban leƙa waje ba. Ɗan'uwana, kawunki Tío Nicanor, likita ya hana shi zaƙi, shi kuma ya ce likitan bai kira sunan burodin Doña Chayo ba, don haka yana ci. Ɗalibaina na makaranta sun kai ashirin da uku bana, goma sha huɗu mata ne.

Babanki ya gaya wa Nicanor cewa an kira ki gwaji a wata makarantar kiɗa a Sifen cikin watan Afrilu, kuma da jitar nan tamu, Tsohuwa, za ki tafi. Na yi murna har na bar kunun atole ya kama a tukunya. Amma akwai abin da nake so ki gane tun yanzu, domin mutane da yawa suna rikicewa a kansa, har da masu sana'ar nan da suka tsufa a cikinta. Kowa ka tambaya sai ya ce ai an soke dokar katako. Ba a soke ta ba.

Ga yadda abin yake. A 2017 aka sa dukkan dangin itacen palo santo, wanda ake yin bayan jita da shi, a ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasashe mai kare itatuwan da ke shirin ƙarewa. Kin riga kin tafi Chicago a lokacin, ba ki ga yadda jitoci suka taru a shaguna ba mai fitar da su ba. Bayan shekara biyu aka sassauta wa kayan kiɗan da aka riga aka ƙera, abin da mutane suka ji ke nan suka yi ta rawa. Amma palo santo na Brazil ba ya cikin sassaucin. Shi tun 1992 aka rufe masa ƙofa, domin an sare dajinsa saura kaɗan, kuma itace ne da sai ya girme ni kafin ya yi kaurin da zai ba da bayan jita ɗaya. Baya da gefunan Tsohuwa na Brazil ne.

Kada gabanki ya faɗi. Katakon da aka sare kafin 1992 yana iya ƙetare iyaka, in dai yana da takardar da ta nuna shekarunsa. Tsufa kaɗai ba ya isa, sai da takarda. Babana, Tata Nabor, ya ƙera ta a 1964, shekarar da aka haife ni, shi ya sa Mama take cewa mu tagwaye ne, ita ce dai wadda kukanta ke da daɗi. Ki nemi ofishin da ke ba da takardar a can, ki fara yau, don an ce yakan ɗauki wata biyu ko uku. Duk wanda ya san katako, ya dubi bayanta zai gane ba ta jiya ba ce.

Ki riƙa sassauta kafaɗarki ta dama. Tun kina 'yar shekara tara kike ɗaga ta in kin zo wuri mai wuya, kuma na ga kina yi a hoton bidiyon da babanki ya turo.

Don Hilario, mai kai saƙo tsakaninmu da ku, zai tashi da motarsa jibi. Na ba shi wannan wasiƙa da cuku da busasshen barkono na mamarki.

Taki,
Tía Eduviges

Chicago, 29 ga Janairu

Tía Eduviges,

Gwaggo, na gaishe ki da kyau, a gaida Tío Nicanor, a ce masa burodi ma sukari ne da ya yi wanka. Muna lafiya. Mama ta karɓi barkono, cukun kuwa Baba ya cinye rabi a tsaye kafin ya cire rigar sanyi. Ki riƙa shafa wa gwiwar nan magani, kada ki ce sai makaranta ta yi hutu.

Na yi yadda kika ce. Ofishin sun ce sai na kawo shaidar wani masanin kayan kiɗa a rubuce, don haka na kai Tsohuwa wurin wani dattijo, Mista Lindqvist, mai shago a arewacin gari. Da na buɗe akwatin sai ya ɗauko ta. Ya juya ta, ya shafa bayan, ya sa hancinsa a bakinta, wato ramin da ke fuskarta, ya shaƙa. Ya ce, "Wa ya ba ki wannan, yarinya? Shekara arba'in ina wannan aiki, irinta ba su fi biyar da na riƙe ba." Na ji kaina ya kumbura.

Sai ya kunna ƙaramar fitila ya leƙa ciki, ya karanta takardar da ke manne a can: Eduviges Cacari, Paracho, 2008.

Tía, tun ina ƙarama nake ganin takardar nan. Nakan leƙa ta kafin in hau dandamali, in ga sunanki, hankalina ya kwanta. Ban taɓa tsayawa a kan shekarar ba. Na ce masa ai gyara kika yi, ba ke kika ƙera ta ba. Ya ce, "Na yarda. Hancina ya ce tsohuwa ce, idona ma ya ce tsohuwa ce. Amma ba hancina ne zai zauna a ofis ya karanta ba. Abin da ke rubuce a cikinta ya ce an yi ta shekara goma sha shida bayan an hana katakon."

Ya ce maƙeran da sukan rubuta suna da shekara da fensir a ƙarƙashin fuskar jita, inda ido ba ya kaiwa. Ya zura ɗan madubi, ya duba lungu-lungu. Babu komai. Ya ce fuskar ma kamar ba ta kai bayan jitar tsufa ba.

Ya kuma tambayi yadda ta shigo ƙasar nan. Na kira Baba a waya a gabansa. Baba ya ce, "A ƙarƙashin bargo ta shigo, tsakanin tukunyar uwarki da buhun masara. Ba wanda ya tambaye ta sunanta, ita ma ba ta faɗa ba." Mista Lindqvist bai yi dariya ba. Ya ce wannan ma wani ƙulli ne, amma mu fara kwance na farko.

To ga roƙona. Ina takardar Tata Nabor ta asali? Me ya sa aka cire ta aka sa taki? In tana nan, ko da a yage ne, ki aiko. In akwai tsohon hoto da ya nuna ta, shi ma. Jirgina 19 ga Afrilu ne. Shekara goma sha uku hannuna bai san wuyan wata jita ba sai nata, kuma mutum huɗu kawai makarantar za ta ɗauka.

Kafaɗar tana nan tana ɗaguwa. Ina faɗa da ita.

'Yarki,
Yunuén

Chicago, 4 ga Maris

Tía,

Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Mu nan lafiya, sai dai Mama ta yi mura ta warke.

Don Hilario ya zo sau biyu, ya kawo wa kowa saƙo ban da ni. Na kira waya sau biyar. Kullum Tío Nicanor ne ke ɗauka, ya ce kina makaranta. Ranar Lahadi ma ya ce kina makaranta. Na ce, "Tío, yau Lahadi." Ya ce, "To ai ita ba ta duba kalanda."

Na sake karanta kwafin wasiƙata, na ga inda na ce me ya sa aka cire tasa aka sa taki. In wannan ne ya ɓata miki rai, ki yafe mini. Ba ina nufin ba ki cancanta ba. Ke kika ɗora yatsuna a kan tsirkiya, ke kika ba ni ita a bakin mota ranar da za mu taso, alhali ni jikar ƙanen Tata Nabor ce kawai, ga waɗanda suka fi ni kusa suna kallo. Tambaya ce ta wadda lokaci ke ƙure mata.

Abokan karatuna suna cewa in rataya ta a kafaɗa in wuce, ba mai dubawa, su ma haka suke yi. Mista Lindqvist ya ce sau tara ba a dubawa, na goma kuma in an duba ana iya riƙe ta, kuma ba lallai in sake ganinta ba. Na yi ta juya maganar. In ban ji daga gare ki ba, ina jin zan ɗauke ta in tafi, in bar sauran ga Allah.

Ki ce wani abu, ko faɗa ne.

Yunuén

Paracho, 24 ga Maris

'Yata,

Lafiyata ƙalau, gwiwa ce kawai. Kowa yana gaishe ki. Ban yi fushi da ke ba ko na rana ɗaya. Kunya ce ta hana ni ɗaukar waya, kuma abin da zan faɗa ba na waya ba ne.

Lokacin da nake rubuta miki wasiƙar Janairu ina bayani kamar ina gaban allo, na san abin da ke manne a cikin Tsohuwa. Na sa rai za su dubi katakon su ƙyale takardar. Da na faɗa miki tun a lokacin, da kin sami wata uku na sabawa da wata jita. Wannan laifin ya fi na farko, don na farko ban san abin da zai haifar ba.

Ga na farkon. A shagonmu, kamar sauran shagunan unguwa a wancan zamani, maza ke yanka su haɗa, mata su goge su shafa mai har ya yi ƙyalli. Sunan namiji ake mannawa a ciki. Ni ban tsaya a guga ba. Tun ina 'yar sha biyu Baba yake miƙo mini fuskar jita ya ce, "Ƙwanƙwasa ki faɗa mini ko ta isa." In na ce saura kaɗan a gefen hagu, sai ya ƙara ferewa. Ya taɓa cewa a gaban Nicanor, "Kunnen yarinyar nan ya fi hannunka biyu." Nicanor ya kwana uku bai yi mini magana ba. Amma jitoci sun yi ta fita daga shagon nan, wasu ni na yi su tun daga yanka har tsirkiya, ba ɗaya da ta fita da sunana. Daga baya na tafi kwalejin malamai, na ce na bar zancen.

Baba ya rasu a 2007. Shekarar da ta biyo, cikin rani, fuskar Tsohuwa ta tsage tun daga baki har ƙasa. Nicanor ya ce a liƙe ta da gam. Na ce a'a, tsagar ta yi yawa, sabuwa zan sa mata. Na yi wata biyu a kanta. Da na buɗe cikin, na ga takardar Baba kwari sun ci rabinta, amma shekarar tana nan, ana karantawa. Na tsaya ina kallonta. Sai na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi na ɗora a kai. Ta fito a dagargaje a kan yatsuna. Na je wurin mai buga katin biki na sa ya buga mini guda ɗaya tak da sunana. Na gaya wa kaina ai wanda ya yi babban gyara yana da ikon sa suna. Gaskiyar ita ce ina so in ga sunana a cikin jita sau ɗaya kafin in mutu, kuma na zaɓi wadda ta fi kowace kyau.

Dattijonku ya yi gaskiya game da fensir. Baba ya rubuta a ƙarƙashin tsohuwar fuskar: Nabor, Oktoba 1964, an haifa mini mace. Na ajiye fuskar nan shekara biyu a aji, ina koya wa yara ƙwanƙwasa katako da ita. Ta yi ta karyewa a hannunsu. A ƙarshe na yanka abin da ya rage muka yi ƙananan jitocin wasa, aka rabar a bikin coci na Corpus. Ban ga amfanin ajiye fasasshen katako ba. Yanzu ina tuna rubutun nan kalma-kalma, amma ba ni da shi.

Sati bakwai ɗin nan ba zaune nake ba. Na bi gidajen dangi goma sha ɗaya ina neman hoto. Na sami tara: bikin auren iyayenki, baftismar ɗan Nicanor, wasan makaranta, har da wanda Baba ke riƙe da ita a ƙofar coci da sabuwar hula. A duka taran fuskarta ake gani, wato fuskar da na cire. Ba wanda ya taɓa tunanin ya juya jita ya ɗauki hoton bayanta. Zanen da ke kewaye da bakinta ma na canza, don na ga nawa ya fi kyau.

Na je wurin Tata Eleuterio, wanda ya riƙe wa Baba ɗaya bakin zarto ranar da aka tsaga katakon. Shekararsa tamanin da takwas, ba ya gani sosai. Na ce, "Tata, kana tuna katakon Brazil na Baba?" Ya ce, "Wanda ya zo a bayan motar gishiri? Yaya zan manta! Ƙamshinsa ya kama rigata, matata ta rantse wurin wata na je." Na kai shi gaban lauya a Uruapan ya faɗa aka rubuta, ban da zancen matar, ya sa hannu. Ga ta nan a ciki tare da tawa shaidar. Ban sani ba ko za su isa.

Akwai abu na uku a ambulan. Shekaranjiya Nicanor ya shigo da wani tsohon gwangwanin biskit ya dire mini a tebur. Takardun sunan Baba ne da ba a taɓa amfani da su ba, sun yi ja don tsufa, an bar gurbin shekara. Ya ce, "Malama, kin cika wahalar da kanki. Rubuta sittin da huɗu a manna, a wuce wurin." Na ce ƙarya ce. Ya ce, "Ina ƙaryar? Ba shi ya ƙera ba? Ba a shekarar ba ne?" Na ce shekarar gaskiya ce, hannun ne ba nasa ba. Ya ce, "Da kin yi wannan wa'azin a 2008 da duk mun huta."

Na kwana biyu da alƙalami a hannu ban iya rubutawa ba. Shekara talatin da biyar ina hana yara kwafar aikin juna. Amma na kasa mayar da ita gwangwani, don ni na jawo miki wannan, kuma ban ga ina da bakin da zan hana ki ba. Ga ta nan babu rubutu. Ban ce ki yi ba, kuma ina jin bai kamata ba. In dai sunana ne kike so ya fita, tsumma da ruwan ɗumi, minti goma sha biyar. Ba zan ji haushi ba.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki ɗauke ta ki nufi filin jirgi babu takarda.

Tía Eduviges

Chicago, 6 ga Mayu

Tía,

Na dawo lafiya. Mama da Baba suna gaishe ki, a gaida Tío Nicanor da Tata Eleuterio. Ki ce wa Tata na karanta shaidarsa har sau uku.

Don Hilario bai taso ba sai bayan Makon Tsarki na coci, kuma motarsa ta lalace a hanya. Wasiƙarki ta iso 17 ga Afrilu, saura kwana biyu in tashi. A lokacin na riga na sassauta wa Tsohuwa tsirkiya, na cusa mata riguna a wuya, na rufe akwati. Na yanke shawara da ita zan tafi.

Na karanta a tsaye a kicin. Sannan na fito da ita, na ɗora ruwa a wuta, na jiƙa tsumma. Mama tana kallona ta ce, "Wanka za ki yi mata kafin tafiya?" Na zura hannu da tsumman har bakinta.

Ba zan yi miki ƙarya ba, tsoro ne ya fara tsayar da ni. Na san Mista Lindqvist zai ji warin sabon gam tun daga ƙofa, kuma ko ya kau da kai, kwana biyu ba sa fitar da takarda. Amma da na leƙa na ga sunanki, sai na tuna duk lokutan da na leƙa shi kafin in hau dandamali. Tata Nabor ban san shi ba, ina 'yar shekara biyar ya rasu. Wadda na sani ita ce ta yi fuskar da nake ji tana amsa mini tun ina yarinya. Muryar da alƙalan gasar kiɗa suke yabawa a nan, rabinta taki ce, ban sani ba sai ranar. Na matse tsumman a kwatami. Takardar Tata na sa ta a cikin littafin addu'ar Mama, yadda ta zo.

Na tafi da jitar wata abokiyar karatuna, Oksana. Jita ce mai kyau, sai dai wuyanta ya fi faɗi kaɗan. Kiɗa biyu na farko sun tafi daidai. A na uku, inda hannu ke gangarawa da sauri, ɗan yatsana ya sauka inda Tsohuwa take da wuri, ita kuwa wannan ba ta da shi. Sau biyu. Na ji kafaɗata ta ɗagu har kunne. Sun yi mini godiya cikin ladabi. Ba na cikin huɗun.

Na yi fushi da ke a jirgin dawowa, Tía, fushi sosai. Ba don takardar 2008 ba, wannan na gane ta. Don Janairu. Da kin faɗa mini, da na ari jitar Oksana tun lokacin. Na rubuta miki wata wasiƙa a bayan takardar jirgi, na yaga ta a filin saukarmu. Wannan ita ce ta biyu, kuma ta fi waccan gaskiya.

Na kai shaidun biyu ofis. Sun karɓa, sun ce shaidar baki tana taimakawa amma suna son wani abu da ya haɗa wannan katakon da waccan shekarar, kuma akwai batun yadda ta shigo. Ba su ce a'a ba, ba su ce i ba. Mista Lindqvist ya ce kada in sayi tikiti saboda ita.

Akwai abin da ban lura da shi ba sai da ya faɗa mini. Takardar da za ta kai ta Sifen, ita ce za ta mayar da ita Paracho. Na so in zo da ita a watan Agusta in kaɗa miki a tsakar gida, ki ji abin da ta zama. Don Hilario ya ce, "Kawo ta nan, bargon da ya kawo ta bai mutu ba." Na ce a'a. Yanzu na san abin da nake jefawa a caca. Tana nan a ɗakina, kuma ga alama nan za ta zauna.

Akwai wani gwajin baɗi. Ban san da me zan je ba.

'Yarki,
Yunuén

Paracho, 26 ga Mayu

'Yata Yunuén,

Na gode Allah da ya dawo da ke lafiya. Ruwan farko ya sauka jiya, gari ya yi ƙamshin ƙasa, gwiwa ta sami sabon abin ƙorafi. Nicanor yana gaishe ki. Da na karanta masa inda kika matse tsumman, sai ya tashi ya fita wai zai duba gam a wuta, alhali ba mu ɗora gam ba ranar.

Fushinki yana kan hanya, ba zan nemi ki rage shi ba. Na hana ki wata uku saboda ina jin nauyin faɗin abin da na yi, kuma wata ukun nan su ne ɗan yatsanki ya nema bai samu ba. Babu abin da zan aiko ta hannun Don Hilario da zai mayar miki da su.

Zancen rashin dawowarta gida, na zauna da shi kwana da kwanaki. Kusoshin da Baba yake rataye ta a kai suna nan a bango. Na san ba zan iya tafiyar kwana uku a mota da wannan ƙafa ba, ko da an ba ni izinin shiga. Wataƙila na riga na ji ta ji na ƙarshe ranar da na miƙa miki ita, ban sani ba. Kada ki ba Don Hilario. Gara ta tsufa a ɗakinki tana kiɗa.

Na faɗa wa ɗalibaina labarin duka, ban rage kaina ba. Wata mai suna Erandi ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to me ya sa ba ki manna taki a gefen tasa ba?" Shekararta goma sha ɗaya. Na ce mata ban yi tunanin akwai wurin mutum biyu ba. Yanzu duk wanda ya gama aiki a ajina, sai ya rubuta suna da rana da fensir a ciki, mu juya jitar mu ɗauki hoton bayanta.

Kin ce ba ki san da me za ki je baɗi ba. Ki duba cikin ambulan. Wannan ɗan katakon palo escrito ne, na ƙasarmu. Na sayi na baya da gefuna daga wurin mai izini, takardunsa suna cikin aljihun tebur, na sa su a leda. Ya shekara shida yana bushewa a saman shago. Jitar da aka gama da shi tana cikin waɗanda aka sassauta wa, amma duk da haka za mu ajiye kowace takarda. Ba zai yi muryar Tsohuwa ba, kada in ruɗe ki. Amma ina da awon wuyanta a rubuce tun lokacin gyara, har kaurin da babban yatsa ke kwanciya a kai. Wannan kam ban yar ba.

Ki zo a Agusta, ki yi wata biyu. Ni zan yanka, don idona bai mutu ba tukuna, amma ke za ki ce ta isa. Ki fara tun yanzu. Ki riƙe katakon da yatsa biyu kusa da ƙarshensa, sakwa-sakwa, kada ki matse. Ki kai shi kusa da kunne, ki ƙwanƙwasa tsakiya da gaɓar yatsa. Ki matsar da riƙon kaɗan-kaɗan kina ƙwanƙwasawa. Akwai wurin da zai daina cewa "ƙwas" ya fara riƙe sauti. In kin same shi, ki sa alama da fensir ki zo mini da shi, mu ga ko wurinki da nawa ɗaya ne.

Taki,
Tía Eduviges